Darasi Kan Riƙon Amana: Aikin Wasiyyi da Haƙƙin Masu Dukiya

A shekarar 1726 wata ƙara ta zo gaban babban alƙalin Ingila, Lord King, a kan kasuwar garin Romford da ke gabas da Landan. Wani mutum ne ya bar wa ƙaramin yaro haƙƙin karɓar kuɗin shigar kasuwar, bisa yarjejeniyar haya ta wasu shekaru, ya kuma ɗora wani mai suna Sandford ya riƙe wa yaron har ya girma. Da wa'adin hayar ya kusa cika, Sandford ya je ya nemi a sabunta ta da sunan yaron. Mai kasuwa ya ce faufau, shi ba ya ƙulla haya da yaro, don in aka saɓa alkawari ba shi da wanda zai kama. Ganin haka, sai Sandford ya karɓi hayar da sunan kansa.

Mai jin labarin zai iya cewa ai mutumin bai yi laifi ba. Ya nema wa yaro, an ƙi, kuma babu wanda ya kama shi da ha'inci. Duk da haka alƙali ya umarce shi ya mayar wa yaron hayar, ya haɗa da duk ribar da ya ci. Hujjarsa ita ce, in aka bar masu riƙon amana suna karɓar wa kansu abin da aka hana yaran da ke hannunsu, kaɗan ne daga cikinsu za su ƙara dagewa wajen nema wa yaran. Kowa a garin yana iya karɓar hayar nan, ban da mutum ɗaya, wato wanda aka ba amana.

Ana kiran wannan shari'a Keech da Sandford, kuma har yau ɗaliban lauya a Nijeriya suna karanta ta, domin dokar ƙasar ta gaji wannan ɓangare daga Ingila. Amma almajirin da ya zauna gaban malam ya karanta babin wasiyya a Risala ko Muhtasar ba zai ji baƙon abu a ciki ba. Malaman Malikiyya ma ba su so wasiyyi ya saya wa kansa kaya daga dukiyar marayan da yake riƙo, in kuma ya saya, alƙali yana da ikon ya binciki cinikin ya warware shi.

Mutum uku a kan dukiya ɗaya

Kowace amanar dukiya tana tsaye ne a kan mutum uku: wanda ya ba da ita, wanda ya riƙe, da wanda aka riƙe dominsa. Na tsakiyar shi ne mai mabuɗin rumbu, shi ke sa hannu a banki, shi 'yan haya suka sani. Amma ko ƙwayar gero ɗaya a rumbun ba tasa ba ce.

Mai riƙon nan yana zuwa da sunaye daban-daban. In mamaci ne ya naɗa shi ya biya bashinsa, ya zartar da wasiyyarsa, ya kula da ƙananan 'ya'yansa, sunansa wasiyyi. In babu wanda aka naɗa, alƙali kan naɗa. In dukiyar wakafi ce, wadda litattafan Malikiyya ke kira hubusi, to mai kula da ita ne. A birane kuma akwai kamfanonin riƙon amana masu rajista da hukumar SEC, da amintattun masallaci ko makaranta da ake yi wa rajista a hukumar CAC ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Hatta dokar amfani da ƙasa ta 1978 da wannan kalma ta buɗe, inda ta ce ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana domin amfanin 'yan Nijeriya.

Misalin da ya fi haska wannan tsari ya girmi shari'ar Romford da fiye da shekara dubu. Bayan an ci Haibar a shekara ta 7 bayan Hijira, Sayyidina Umar ya sami gona wadda bai taɓa mallakar abin da ya kai ta daraja ba. Ya nemi shawarar Annabi (SAW), aka nuna masa ya tsare asalin gonar ya yi sadaka da amfaninta. Umar ya gindaya cewa ba za a sayar da ita ba, ba za a yi kyauta da ita ba, ba za a gaje ta ba. Ya fayyace masu cin amfanin: matalauta, dangi, 'yanta bayi, hanyar Allah, matafiyi da baƙo. Ya ƙayyade abin da mai kula zai taɓa, wato ya ci gwargwadon abin da aka saba, ya ciyar da aboki, amma kada ya tara wa kansa. Daga baya ya sa aka rubuta takarda, ya ɗora 'yarsa Hafsa a kan kulawar muddin ranta, bayanta kuma mai hankali daga iyalinsa. Duk abin da lauyan yau zai nema a takardar amana yana nan: dukiyar, masu amfana, mai riƙo, ladansa, da wanda zai gaje shi a aikin. Abin lura kuma, mace Umar ya zaɓa alhali yana da 'ya'ya maza.

Kafin a ce rabo

Ranar da mutum ya cika, dukiyarsa ba ta faɗawa hannun magada kai tsaye. Akwai matakai, kuma aikin wasiyyi na farko shi ne ya bi su a jere. Kafin komai sai an tsame abin da ba na mamacin ba: kayan ɗakin matansa, tumakin da matar ta ba shi kiwo, ajiyar da abokin kasuwa ya bar masa, kason ƙanensa a gonar gandu. Daga nan a yi masa sutura, a biya bashi, har da ragowar sadaki in akwai. Sai wasiyya, wadda ba ta wuce sulusin abin da ya rage, kuma ba a yin ta ga magaji sai in sauran magada sun yarda. Iyakar sulusin ta samo asali ne daga Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas, wanda ya kwanta ciwo a Makka yana da 'ya ɗaya tilo, ya nemi ya ba da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa aka hana shi, ya nemi rabi aka hana, aka tsayar da shi a kan sulusi. Abin da ya saura bayan wannan shi ne gado.

A ɗauka, don misali kawai, wani ɗan kasuwa ya rasu ya bar abin da aka yi wa kuɗi naira miliyan 40. Sutura da bashi suka ci miliyan 4, saura 36. Ya yi wasiyyar miliyan 15 ga wata makarantar Islamiyya. Sulusin 36 kuwa 12 ne, don haka miliyan 12 za a fitar. Ragowar ukun sai da yardar magada, kuma kowa daga kasonsa yake yarda. Saura miliyan 24. Ya bar mata biyu, da mahaifiya, da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Matan za su raba tumunin takaba, miliyan 3, kowacce miliyan ɗaya da rabi. Mahaifiya ta ɗauki sudusi, miliyan 4. Miliyan 17 da suka rage a kasa su biyar: 'ya mace miliyan 3.4, kowane namiji miliyan 6.8.

To, a ce ƙaramin ɗan shekararsa 9. Miliyan 6.8 ɗin nan ba za a damƙa masa ba, hannun wasiyyi za su shiga. Kuma wasiyyi ba shi da ikon ya ce a madadin yaron ya yafe wani abu don a cika wa makarantar, komai kyawun niyyar, domin ba a yin alheri da dukiyar maraya. Daga wannan rana aikin da zai ɗauki shekara goma ko fiye ya fara.

Abin da ke wuyan wasiyyi

Yawancin dukiyar marayun da ta salwanta ba ɓarawo ne ya ɗauka ba. Baffa ne na kirki ya karɓa da hawaye a ido, ya zuba a asusunsa na kasuwa "kafin yara su girma", kasuwa ta yi sama ta yi ƙasa, aka yi biki, aka yi jinya, shekara goma ta wuce, shi kansa bai san nawa ne nasa nawa ne na yaran ba. Shi ya sa wajibi na farko shi ne ƙididdiga tun zaman makoki bai daɗe da watsewa ba: a rubuta gidaje, gonaki, shaguna, dabbobi, kuɗin banki, bashin da ake binsa da wanda yake bi, a gaban shaidu, kowane magaji baligi ya sami kwafi. Na biyu shi ne rabewa. Kuɗin maraya ya zauna a asusu nasa daban, takardar gidansa ta ɗauki sunansa. Alƙur'ani ya yi sauƙi a kan haɗa cimar maraya da ta gidan da yake zaune, amma sauƙin tukunya ne, bai kai ga haɗa jari ba tare da lissafi ba.

Sai juya dukiyar. Mutane da yawa suna zaton wanda ya kulle kuɗin maraya a akwati ya fi kowa tsoron Allah. A Muwaɗɗa ta Imam Malik an ruwaito Umar yana umartar a yi kasuwanci da dukiyar marayu don kada zakka ta cinye ta, domin a mazhabar Malikiyya ana fitar da zakka daga dukiyar yaro in ta kai nisabi. An kuma ruwaito Nana A'isha tana ba 'yan kasuwa dukiyar marayun da ke hannunta su juya. A yau abin da ke cin kuɗin ajiya ya fi zakka kaifin haƙori. A shekarar 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin 100 bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Kuɗin da ke sayen buhu goma a farkon irin wannan shekara ba ya sayen takwas a ƙarshenta. Wasiyyi mai hankali zai duba fili mai takarda, ko gidan haya, ko takardun sukuk da Gwamnatin Tarayya ta fara fitarwa a 2017, ko bankunan da ba sa ta'ammali da riba. Abin da ba zai yi ba shi ne ya zuba kuɗin yara a wani shiri mai alkawarin ninka jari cikin wata uku, ko ya ranta wa kansa, ko ya ranta wa surukinsa. Ba ya kuma sayar da gida ko gonar maraya sai da dalili mai ƙarfi, kamar ciyarwa ko biyan bashin mamaci, kuma abin da ya fi masa aminci shi ne ya nemi izinin kotu kafin ya karɓi ko sisi.

Ladansa fa? Aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta raba masu riƙo biyu: mawadaci ya kame, mabuƙaci ya ci daidai gwargwado. Kamfanin riƙon amana kuwa yana cajin kuɗin aiki, kuma ya kamata a ga adadin a rubuce tun kafin a sa hannu. Ko wanne ne, abin da ya ɗauka sai ya shiga littafi.

Littafin nan shi ne ƙashin bayan aikin duka. Ba sai na akanta ba, littafin rubutu na 'yan makaranta ya isa: shafin hagu abin da ya shigo, na dama abin da ya fita, da kwanan wata, da rasit a liƙe. Kuɗin haya na shago, kuɗin makaranta, kuɗin asibiti, gyaran rufi bayan damina. Fikihun Malikiyya yana gaskata wasiyyi a kan abin da ya ce ya kashe wa yaron da ke gidansa muddin adadin bai saɓa wa hankali ba. Amma in ya ce ya riga ya miƙa wa maraya dukiyarsa, yaron ya musanta, ba a karɓar maganarsa sai da shaidu. Don haka littafi da shaidu kariya ce ga wasiyyin kansa, musamman ranar da yaron da ya goya ya dawo da gemu yana tambaya.

Haƙƙin masu ita

A nan ne kunya take yi wa mutane ɓarna. Bazawara tana jin nauyin ta tambayi yayan mijinta nawa shagon ya kawo bana. Saurayi yana tsoron a ce ya yi wa baffansa rashin kunya. Sai a yi shiru, zargi yana ruruwa a zuci, har ranar da zai fashe a gaban alƙali, zumunci ya tafi, dukiya ma ta tafi. Tambayar lissafi haƙƙi ne a shari'ar Musulunci da dokar ƙasa, kuma wasiyyin da ya san aikinsa ba ya jira a tambaye shi. Sau ɗaya a shekara, ko bayan girbi ko bayan Sallah, sai ya tara uwar yara da manyansu ya buɗe littafi.

Mai haƙƙi yana iya neman ya ga takardar wasiyya da takardun kadara. Yana iya kai ƙara a cire wasiyyin da ya ci amana ko ya gaza, a naɗa wani. In dukiya ta salwanta ta hanyar sakaci ko ƙetare iyaka, wasiyyi ne zai biya daga aljihunsa. In kuwa annoba ce ta kashe shanu ko gobara ta ci shago ba da sakacinsa ba, babu ramuwa a kansa. Matar mamaci tana da haƙƙin zama a gidan mijinta har ta gama takaba, wata huɗu da kwana goma, ko ta haihu in tana da ciki, kuma Malikiyya suna dakatar da rabon gado har cikin ya zo duniya. 'Ya mace tana da kasonta a gona da gida kamar yadda take da shi a kuɗi. Al'adar da ake yi a wasu wurare ta cewa maza su riƙe gona a sallami mata da ɗan abin da ya samu zalunci ce, ko da an shekara ɗari ana yin ta.

Amana kuma tana da ranar ƙarewa. Ayar Nisa'in da aka ambata ta ce a riƙa gwada marayu har su balaga, in an ga sun iya riƙe dukiya a miƙa musu a gaban shaidu. Gwajin yana nufin a ba yaro ɗan jari a ga yadda zai yi da shi, tun kafin a damƙa masa duka. Dokar Ingila ma ta zo kusa da haka a shari'ar Saunders da Vautier ta 1841, inda aka bar wani saurayi ya karɓi dukiyarsa da ya cika shekara 21, duk da cewa mai wasiyyar ya so a jira ya kai 25. Wanda ke neman inda zai kai kuka, sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sanya wakafi, kyauta, wasiyya da gadon Musulmi, da sha'anin yaro ƙarami, cikin abin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ke saurara bayan an fara daga kotun ƙasa.

Shiri tun ana da rai

Mutane kan guji rubuta wasiyya kamar rubutun ne ke kiran mutuwa. Wanda ya taɓa ganin iyali suna yawon bankuna suna neman inda mahaifinsu ya ajiye kuɗi ya san tsadar wannan gudun. Wasiyya hanya ce da mutum zai bar wani abu ga jikan da ubansa ya riga kakan rasuwa, wanda baffanninsa ke kange shi daga gado, ko ga agola da ɗan riƙo. Masar ta mayar da wasiyya ga irin wannan jika wajibi a dokarta ta 1946, amma inda babu irin wannan doka, in kaka bai furta ba yaron ya tashi hannu rabbana. Kuma rubutu shi kaɗai bai isa ba. A Malikiyya, takardar da aka tsinta a ƙarƙashin katifa, ko da rubutun hannun mamacin ne, ba a zartar da ita in bai kafa mata shaidu ba ko bai ce a zartar ba, don mai yiwuwa ya sauya ra'ayi. A dokar wasiyya ta Ingila ta 1837 ma sai an sa hannu a gaban shaidu biyu a zama ɗaya, kuma shaidan da aka yi wa kyauta a cikin takardar ya rasa kyautar.

Wannan doka ta 1837 ta taɓa jawo babbar muhawara a Nijeriya. Wani Musulmi ya rubuta wasiyya irin ta Turawa ya fifita wasu 'ya'yansa a kan wani. Mai shari'a Mohammed Bello, wanda daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya daga 1987 zuwa 1995, ya yanke cewa Musulmi ba zai ƙetare iyakar da shari'arsa ta gindaya ba. A 1971 Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin a shari'ar Adesubokan da Yinusa, ta ce dokar ta ba mai wasiyya 'yancin raba dukiyarsa yadda ya so. Daga baya jihohi irin su Kaduna, Kwara da Oyo suka yi dokokin wasiyya nasu da suka toshe wannan ƙofa, kuma a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yi amfani da ta Kwara a shari'ar Ajibaiye ta soke wasiyyar wani Musulmi da ta saɓa wa shari'a. Saboda haka mai son rubutawa ya nemi lauyan da ya san dokar jiharsa, ya haɗa shi da malamin da ya san gado.

Tarko biyu ne suka fi kama mutane. Na ɗaya kyautar baki: uba ya ce "gidan nan na ba wance", amma ya ci gaba da karɓar hayarsa har ya rasu. A Malikiyya kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓa ta shiga hannunsa kafin mai bayarwa ya rasu ko ya kwanta ciwon ajali, in ba haka ba gidan ya koma gado. Wakafi ma haka yake, shi ya sa ya fi kyau a rubuta shi a miƙa, ta hannun amintattu masu rajista ko hukumomi irin su Hukumar Zakka da Hubusi ta Kano da aka kafa a 2003, da takwarorinta na Sakkwato da Zamfara. Na biyu shi ne gurbin da ake rubuta sunan makusanci a fom ɗin banki ko na fansho. Wannan suna na wanda za a tuntuɓa ne. Bai mayar da shi magaji shi kaɗai ba, kuma ba za a sakar masa kuɗin ba sai ya kawo takarda daga kotu, abin da ya karɓa kuma amana ce a hannunsa har a raba.

Aikin wannan mako

Kowane ɗalibi ya sami littafin rubutu sabo. A shafin farko ya jera bashin da ake binsa da wanda yake bi, a na biyu abin da ya mallaka da inda takardunsa suke, a na uku kayan mutane da ke hannunsa. Wannan nasa ne, ba za a karanta a aji ba. Abin da za a kawo aji shi ne lissafin ɗan kasuwar nan mai miliyan 40: a sake raba miliyan 24 ɗin a kan cewa mahaifiyarsa ta riga shi rasuwa, a faɗi nawa ne zai shiga hannun wasiyyi da sunan yaron mai shekara 9.